Na Ce Na'am, Ban Ji Tambayar Ba

Motar yayana ce, tsohuwa da ya saya hannu na biyu, kuma har ranar da abin ya faru babu wanda ya san ko jakar iskar da ke cikinta, mai buɗewa ta tare mutum in an yi karo, tana aiki. Ni dai na taɓa tambaya. Ya ce min masu shigo da irin waɗannan motoci tun a bakin ruwa suke cire jakar su cusa tsumma a gurbinta, in daina damun kaina da abin da babu shi.

Muna dawowa daga Gubi ne da rana tsaka. Zafi ya sa ya rufe gilasai duka ya kunna sanyin mota. Wata saniya ta ɓalle daga garke ta faɗo titi, ya kauce mata, muka daki bakin kwalbati. Shi ya ce ba gudu yake yi ba. Ni ina ganin ƙila ya ɗan wuce yadda ya kamata, domin a daidai lokacin na juya gare shi zan ce ya rage, shi ya sa kunnena na dama ne ya fuskanci gaban motar.

Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar. Kamar an harba bindiga a cikin tulu, ni kuma ina zaune a cikin tulun. Wani farin abu ya mare ni a gefen fuska, motar ta cika da ƙura mai kama da hayaƙi da wari irin na ashana. Na zaci wuta ce. Muka fito a guje, mutane suka taru, na ga bakuna suna ta motsi amma sautin yana zuwa daga nesa, ta ƙarƙashin wani siririn kuka mai kama da na gyare. Babu jini a jikin kowa. Saniyar tana can gefe tana kiwonta. Yayana ya koma ya leƙa cikin motar, ya ɗago jakar da ta saki tana reto daga sitiyari, ya nuna min yana dariya har da hawaye. Da ƙyar na tsinci abin da yake faɗa, wai ashe ba tsumma ba ne.

A gida murna aka yi. Inna ta sa aka soya masa aka raba sadaka a unguwa, 'yan jaje suka yi ta shigowa, kowa da ya dube mu sama da ƙasa sai ya gode wa Allah da ba mu ji ciwo ba. Ni ma na gode, kuma da gaske nake. A cikin kwanakin nan ne na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba: gaisuwarmu ba sai ka ji kalmomin ba. Kowace tana da karinta. Yadda murya take hawa da sauka a "ina gajiya" daban yake da na "yaya jiki", kuma duk wanda ya tashi a cikin Hausa zai iya amsawa daidai ko da auduga ce a kunnensa. Na yi ta amsawa, ba wanda ya gane komai.

Inna ce kaɗai ta lura. Ta ce na koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Ni kuwa a cikin kaina muryata ta zama kamar ta mai shela, shi ya sa nake ta rage ta. Ta so ta ɗiga min mai mai ɗumi a kunnen, na lallashe ta na ce bari dai likita ta fara gani.

Likitar wata mata ce daga kudancin jihar, mai fara'a, Hausarta irin ta kasuwa mai sauƙi. Ta leƙa da fitilarta ta ce dodon kunnen ya yage. Ta ce yawanci yakan haɗe da kansa in an bar shi ya huta, kada ruwa ya shiga, kada mai, kada tsinke. Kukan gyaren kuma zai iya wucewa, zai iya zama, haka ma jin, sai an sake gwadawa nan gaba. Na tambaye ta ko rufe gilasai ya ƙara wa abin ƙarfi, ta ce mai yiwuwa ne. Na ƙara tambaya, na ƙara wata, har ta ajiye biro ta dube ni.

"Malam, jaka ya yi aikinsa. Da bai buɗe ba, ba kunne za mu duba ba yau."

Na ji daɗin maganar, kuma na yarda da ita. Sai dai ina da wata damuwar da ba ta asibiti ba.

A lokacin na gama hidimar ƙasa, ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi kafin in samu abin da nake kira aiki tsayayye. Akwai yarinyar da nake nema, wadda yau ita ce uwar 'ya'yana, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Mun daɗe tare, gidansu sun san ni, gidanmu sun san ta. Duk sanda ta kawo maganar in turo manyana, sai in ce bari mu ga yadda shekarar za ta kasance. Ba don ba na so ba. Ina jin tsoron in ɗauko 'yar mutane in kasa riƙe ta ne, kuma a ƙididdigar da na karanta an koya mana cewa ba a cika cewa tabbas ba, abin ya bi jikina fiye da yadda malamanmu suka nufa.

Kunnen bai warke ba sai ga saƙo ta bakinta: Baba ya ce in je, yana son ganina. Ta faɗe shi ba wasa a muryarta. Ta ce akwai wasu da suka fara aiko da tambaya a kanta, kuma Baba ba ya son ya riƙa ce wa mutane an yi mata miji alhali ba wanda ya zo. Na gane cewa zaman nan shi zai raba, ko a ba ni ko a ce in matsa.

Game da kunnen kuwa, abin da na gaya mata kawai shi ne yana ɗan ƙara. Na ji tsoron kada labari ya isa gidansu da siffar da ba tasa ba, a ce ai yaron ya kurmance.

Mahaifinta tsohon hedimasta ne, gidansa na cikin lungunan Ƙofar Wambai. Duk unguwar an san shi da sanyin murya. Waɗanda ya koyar suna cewa bai taɓa ɗaga ta a aji ba, yara ne suke yin tsit don su ji shi. Na isa bayan la'asar, na cire takalma a waje, na shiga zauren na durƙusa kusa da ƙofa, inda ya dace mai neman aure ya tsaya. Shi yana can ƙurya a kan buzunsa. Sai da na zauna na lura da yadda zaman ya kama: kunnena na dama, mai ciwon, shi ke fuskantarsa. Na hagu yana fuskantar lungu, inda injin niƙa yake ta aiki a maƙwabta. Kaina kuma a ƙasa, domin ba a kallon suruki a ido, ballantana a tsura wa bakinsa ido.

Gaisuwa ta tafi lafiya. Na bi karin na amsa komai a wurinsa, har jajen mota.

Daga nan ya fara magana mai tsawo. Abin da ke iso ni bai wuce gunjin kurciya a cikin rufi ba. Nakan tsinci kalma ɗaya nan, ɗaya can: karatu, gona, mutunci. Can sai muryar ta ɗan ɗaga ta tsaya. Tambaya ce, wannan na sani. Yana jira.

Ba a ce wa suruki "me ka ce". Ba a ce masa ya ɗaga murya. Abin da ladabi ya bar wa mutum kalma ɗaya ce, na'am. To amma na'am iri biyu ce, kuma ban taɓa tunanin kusancinsu ba sai ranar. In ka ɗaga ƙarshenta, kana roƙo ne a maimaita. In ka sauke, ka amince. Ni ta farkon na yi nufi. Amma kaina yana sunkuye, muryata kuma na riga na saba danne ta, ina jin ɗagawar ba ta bar maƙogwarona ba.

Bai maimaita ba. Ya ci gaba.

Ya sake tsayawa, na sake cewa na'am, ya sake wucewa. Na yi niyyar in buɗe baki in faɗi gaskiya, amma kafin in gama auna yadda zan fara, sai ya faɗi wata gajeruwar magana mai karin tambaya. Na ce na'am. Na ji wani sauti daga ƙuryar kamar tari, har ya maimaitu. Daga nan ya shiga addu'a, wadda karinta ba ya ɓoyuwa, na yi ta cewa amin, ya sallame ni.

Na fito lungu ina sa takalma ban san abin da na ɗauka a kaina ba. Ban san ko an ba ni ba ne, ko an kore ni cikin mutunci na yi godiya.

Yayana na fara gaya wa, kuma kuskure ne. Ya zauna a bakin rijiya ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce ƙila na yarda in tare a gonar tsohon da ke Miri in riƙa korar tsuntsaye. Ya ce ko kuma an tambaye ni ne ko ina da wata, na amsa da ladabi. Wannan ta biyun ta hana ni cin abinci. Ya ce shi dai abin da ya burge shi, tun da aka haife ni bai taɓa jin na amsa abu kai tsaye ba, sai da Allah Ya toshe min kunne.

Na kira ta, na ɗora wayar a kunnen hagu. Tana ɗauka ta fara dariya, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa tana ƙin dannuwa. Na tambaye ta abin da Baba ya ce a cikin gida. Ta ce ya hana ta faɗa min ko kalma ɗaya. Na ce to fushi yake yi? Ta ce ita dai ta ga ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Na ce wannan ba hujja ba ce, mutum yana iya fushi ya ci tuwo. Ta ce haka ne. Sai ta daina dariyar.

"Kana da abin da za ka gaya wa Baba?"

Na ce ƙila.

"To kada ka daɗe."

Na yi kwanaki ina juya abin. In na yi shiru, mai yiwuwa komai ya tafi daidai, tunda ga alama amsoshin sun yi masa daɗi. Amma zan shiga aure da alkawuran da ban san su ba, kuma ranar da aka ce in cika zan tsaya ina kallon mutane. In kuma na koma, zai san abu biyu a lokaci guda: kunnena ya samu matsala, kuma na zauna a zaurensa na amsa abin da ban ji ba. Ban san wanne ya fi muni a idon tsohon malami ba. Na kai wa Inna maganar tana tsintar shinkafa. Ba ta ko ɗago ba ta ce in je in faɗa masa, ciwon kunne ba abin kunya ba ne, ba ni na saya ba. Ta ƙara da cewa in sa hular nan mai kyau.

Na koma da hantsi, lokacin da na yi zaton injin niƙan bai fara ba. Ya fara. Na durƙusa a wurina na da, muka gaisa, sannan na haɗa maganar da na yi ta bita a hanya. Na ce Baba ya yi haƙuri, tun ranar hatsarin nan kunnena na dama ba ya ji sosai, kuma duk abin da Baba ya faɗa wancan zuwan, ban da gaisuwa da addu'a, ban ji shi ba. Na'am ɗin da na yi ta yi, ta neman a maimaita ce.

Ya ce wani abu. Ban ji ba.

Wannan karon ban ce na'am ba. Na ɗago kai kaɗan, abin da ban taɓa yi a gabansa ba, na ga yana nuna kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wanne ne mai lafiyar. Na taɓa na hagu. Sai ya miƙe da kansa, ya jawo buzun ya zagayo ya shimfiɗa shi a hagu da ni, tsakanina da ƙofa, har gwiwarsa tana kusan taɓa tawa. Na rasa inda zan sa kaina.

"Ɗago ka dubi bakina," in ji shi. "Kunyar yau na yafe maka ita."

Daga nan ya maimaita min zaman duka, a hankali, kamar mai bitar darasi ga ɗalibin da ya yi fashi. Ya ce da farko ya tambaye ni ko na yarda in ta gama karatu ta yi hidimar ƙasarta ta kuma yi aiki, na ce na'am. Ya ji daɗi. Sannan ya ce shi ba ya jiran in samu aikin gwamnati, koyarwa aiki ce, da ita ya riƙe gidan nan, don haka yana so a ɗaura da zarar an gama girbi ya kwaso amfanin gonarsa daga Miri. Na ce na'am. Ya ce a nan ne ya fara shakka, domin labarin da ya samu a kaina shi ne ko ruwa aka tambaye ni ina sha, sai na ce ƙila.

"Sai na ce bari in gwada. Na ce maka, an ce kai ka turo saniyar nan kan titi don ka huta da zuwa gaishe ni, haka ne? Ka ce na'am."

Ashe tarin da na ji ba tari ba ne. Yanzu ma kafaɗunsa suna rawa, ya sa gefen rawaninsa yana goge ido. Ni ma dariyar ta ƙwace min, na yi ta ƙoƙarin mayar da ita ciki. Ya ce tun ranar ya gane ba na ji, amma ya ga ba nasa ba ne ya tona, nawa ne in kawo. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a a ransa, ga shi na zo tun ba ta yi ba.

Sai ya gyara zama, dariyar ta sauka daga fuskarsa.

"Yanzu ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To?"

Duk uzurorina suka taso suka yi layi. Ɗakin da ba a yi wa shafe ba. Makarantar da ke iya sallamar mutum a ƙarshen kowane zango. Na ga babu ɗaya a cikinsu da bai sani ba, ya kuma riga ya amsa su tun kafin in kawo. Guda ɗaya ne sabo, kuma na ga haƙƙinsa ne ya sani kafin ya ba ni 'yarsa. Na ce masa likita ta ce yagewar za ta iya haɗewa, amma ba ta yi alkawarin jin zai dawo duka ba, kuma ƙarar da nake ji za ta iya zama har abada. Haka kuwa aka yi daga baya: dodon kunnen ya haɗe, jin ya dawo ba duka ba, gyaren nan kuma yana nan tare da ni har yanzu da nake wannan rubutu, mun saba.

Ya saurare ni har na gama. Yana kallon tabarma, ni kuma ina kallon bakinsa kamar yadda ya umarce ni, ina jiran ya motsa.

"Ita wannan 'yar tawa," ya ce, "ba muryata ta gado ba, ta uwarta ta ɗauko. Kunne ɗaya zai ishe ka. Wata rana ma sai ka ga ya yi maka yawa."

Daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida wata murya ta fito, wadda ko da kunnen dama na ji ta sarai.

"Ina jin ka fa, Malam."

Ya dube ni ya ɗaga gira, kamar mai cewa ga shaida. Sannan ya ce har yanzu yana jiran amsa, kuma yana so ya san wace iri ce.

Na ce na'am. Na sauke ƙarshenta har ƙasa, na kuma ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a zauren suruki, don kada a samu shakka. Bakina ya so ya ƙara wani abu, na bar shi ya ƙara in Allah Ya yarda. Ya ce wannan ƙarin ya karɓa, amma kada in sake ɗora wani a kansa. Ya ce in turo iyayena.

Aka aiko da kunun gyaɗa daga cikin gida, ya ce sai na sha. Na sha a gabansa, ina jin ana ta dariya da ƙus-ƙus a tsakar gida, har da muryar da na sani. Da na fito, rana ta riga ta cika lungun, mata suna dawowa daga niƙa da robobi a ka. Na yi niyyar in bari sai na isa gida na huta, na tsara yadda zan gaya wa baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi zai jagoranci manya zuwa neman auren. Sai na tuna halina. In na kai gida zan zauna, in na zauna zan fara tunani. Na tsaya a inuwar wani shagon tela, na ciro waya na kira shi tun ban kai bakin titi ba.